Ranar da Barni-da-shi Ya Sauke wa Kwamfuta Zazzaɓi

Mijina mai gyaran fanka ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, fanka kam ya iya ta. Ka kawo masa wadda ta shekara tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kafin ka gama gaisawa da mutanen shago ta koma tana juyi lumui. Da a nan ya tsaya da mun zauna lafiya. Amma shi a ganinsa duk abin da ke cin wuta ɗan gidan fanka ne: firiji, rediyo, injin markaɗe, har agogon bango. Da ya ji an ce wani abu ya lalace sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Bar ni da shi!" Tun ana faɗa a bayan idonsa har sunan ya bi shi. Yanzu duk layinmu Barni-da-shi ake kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a don ya ɗauka kirari ne.

Ƙanwata Auta a wurinmu take zaune, tana aiki a kantin magani. Yarinya ce mai sanyin hali, abu ɗaya ne ke tayar mata da jini, wasan tseren mota a kwamfuta. Ta daɗe tana ƙuntata wa kanta, ko sabon takalmi ba ta saye, har ta haɗa wata baƙar kwamfuta mai gilashi a gefe da fitilu a ciki, da sitiyari da abin takawa kamar na motar gaske. Da farko faɗa nake mata, ina cewa mace da girmanta ta zauna tana tuƙa motar da ba ta kai kowa kasuwa. Ranar da na tsaya na ga yadda take shan kwana, sai na daina faɗan.

A wannan Asabar ɗin da ƙarfe huɗu na yamma za ta yi tseren da ta shekara tana jira. Ta intanet ake yi. Ukun da suka fara isa za a ɗauke su cikin wata ƙungiya ta 'yan wasa, su riƙa zuwa gasa da sunanta. Wanda ya zo na huɗu sai ya jira baɗi.

Da sassafe ta kunna na'urar don ta ɗan motsa hannu kafin ta tafi aiki. Sai na ji ta ƙwala mini kira da wata irin murya. Na shiga na tarar motar da ke allo tana tafiya kamar akuyar da ake ja da igiya: ta turje, ta yi tsalle, ta sake turjewa.

"Yaya, dubi nan," ta nuna mini wata 'yar lamba a kusurwar allo. "Wannan yawan hotunan da na'urar ke zanawa ne a cikin sakan ɗaya. Kullum yana haura ɗari da arba'in. Yau sha huɗu. Da sha huɗu ko keken guragu ba zan wuce ba."

Idonta ya ciko. Ta duba agogo, ga shi maigidan kantinsu ba ya wasa da makara, kuma ya ce ba zai sake ta ba sai ƙarfe uku.

"In na dawo zan duba, wataƙila ƙaramin abu ne," ta ce. Sai ta rage murya. "Amma don girman Allah, Yaya, kar mijinki ya taɓa."

"Wa ake kira?"

Ga mijin nawa tsaye a bakin ƙofa da buroshi a baki.

"Babu kowa, Babban Yaya."

"Na ji an ce abu ya lalace."

"Babu abin da ya lalace. Hutawa take yi."

Ya leƙa ta saman kafaɗarta, ya hango fankokin da ke cikin gilashin, idonsa ya yi haske. "Auta, abin da ke da fanka har shida a ciki, ai ɗana ne. Bar ni da shi!"

"Babban Yaya, injin markaɗen Yaya ma ɗanka ne, har yau baya yake juyawa."

"Yana markaɗe ko ba ya yi?"

"Yana yi, a jikin bango."

Ta kulle ɗakin ta jefa makullin a jaka ta tafi. Abin da ta manta shi ne mijin yayarta da sukudireba yake kwana. Kuma ko jiya, tana wurin aiki, ya shiga ɗakin nan gyaran fankar sama, ya daɗe a ciki fiye da ƙima, ya fito yana cewa ya yi wa yarinyar nan wani alheri da ba za ta manta ba. Ban tambaye shi wane alheri ba, don ina tsoron amsar.

Ina tsakar wanki na ji ƙarar ƙarfe. Kafin in ɗauraye hannu ya kwance ƙofar ɗungurungum ya jingina ta da bango.

"Maigida, ta ce kar ka taɓa!"

"Ta kulle ƙofa. Na taɓa makulli? Makulli na nan yadda ta bar shi."

Da ma saboda saurin fita Auta ta bar wasan a buɗe, motar na ta ɗingishi ita kaɗai. Ya zauna a kujerarta, ya ɗora tafin hannu a kan na'urar, ya lumshe ido kamar likita.

"Zazzaɓi ne," ya ce. "Ga shi ma a rubuce. Sha huɗu."

"Ba zafi ba ne. Ta ce hotuna ne, kuma sama ake so lambar ta tafi."

"Uwargida, ke da kika ji bayani a tsaye kina riƙe da sabulu? Wane mai hankali ne zai so lamba ta hau a jikin inji? Injin da ya yi lafiya sifili yake nunawa. Kafin yarinyar nan ta dawo zan sauke shi zuwa sifili, ta zo ta same ta garau. Kuma daga yau za a canza allon shagona. Gyaran fanka da manyan kwamfutoci."

Ya cire gilashin gefe. Ya sauka shagonsa da ke ƙasan beninmu, ya kwaso duk fankokin mutane da aka kawo gyara, masu tsayawa da na tebur, ya kewaye na'urar da su. Ya kunna. Labule ya miƙe tsaye, kalandar bango ta tashi sama, ɗankwalina ya fita ta taga.

Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na mijina, shi ya tsinci ɗankwalin ya hawo da shi. Su biyun nan ba a taɓa samun ranar da ba su taɓa juna ba.

"Injiniya, jirgi za ka tayar?"

"Aikin ilimi ake yi a nan. Ka koma ka ci gaba da share wa mutane ƙeya."

"To me ya sa motar ke tafiya kamar ta taka ƙusa?"

"Ba a buɗe mata maƙogwaro ba ne."

Ya shiga lalube a cikin wasan har ya faɗa inda ake saita ingancin hoto. Duk wani abin ja da ya gani sai ya ja shi ya kai ƙarshe, wai babbar na'ura ba a ba ta ƙaramin aiki, raini ne. Ya dawo kan titin tseren. Motar ta tsaya cak, ta yi tunani, sannan ta bayyana a cikin shinge. Lambar ta koma tara.

Ya miƙe ya ɗaga hannu sama. "Tara! Daga sha huɗu! Kun gani? Zazzaɓi na sauka!"

"Mara lafiyar kuma ya daina motsi," in ji mai aski.

"Barci ne. Mai jinya in ya samu sauƙi barci yake yi."

Na kira Auta a waya, ba ta ɗauka ba, don a aljihun tebur ake sa su ajiye waya a wurin aiki. Mai aski ya koma shagonsa yana dariya, akwai wani direban bas zaune a kujera yana jiransa. Shi kuwa gwanin nawa ya ga tara ba ta ishe shi ba. Ya jawo abin sanyaya ɗaki na wata mata da ya yi wata guda a shagonsa, ya ƙara wasu fankoki, ya cusa su duka a doguwar waya ɗaya mai bakuna da yawa. Na ce masa wayar ta yi zafi. Ya ce farin ciki take yi.

Sai muka ji fau! Wani wari ya tashi. Fankoki suka yi sanyi ɗaya bayan ɗaya, allo ya yi baƙi ƙirin. Duk benin ya ɗauke wuta.

Ba a jima ba mai aski ya sake hawowa, kilifar aski a hannu. Bayansa ga direban bas da ƙyalle a wuya, gefen kansa ɗaya tal kamar ƙwai, ɗayan gefen gashi cunkus.

"Barka, Injiniya," in ji mai aski. "Ta kai sifili."

Direba bai zo da wasa ba. "Wane ne ya kashe wuta? Ni ina da lodi da yamma! Haka zan shiga tasha?"

"Ka sa hula," in ji mijina.

"Ba ni da hula!"

"To ka riƙa ba su gefe ɗaya."

Da ƙyar na shiga tsakani. Aka je aka duba, ba fis ɗin mita kaɗai ya ƙone ba, har babbar wayar da ta shigo gidan ta narke. Mijina ya buɗe baki zai ce a bar shi da shi, maƙwabtan sama da na ƙasa suka haɗa baki suka ce in ya matsa kusa da mitar nan sai sun ɗaure shi. Mai gyaran wuta na gaske kuma ya ce ba zai samu zuwa ba sai gobe.

Na duba agogo. Azahar ta wuce, ga gida babu wuta, ga tseren Auta ƙarfe huɗu. Na ce masa, "Ka ga abin da ka jawo? Yarinyar nan shekara guda tana jiran yau."

Ya kau da kai, na ce ko nadama ce ta zo. Ashe tsallaken titi yake kallo, shagon Hajiya mai ƙanƙara, wadda layin wutarta daban yake da namu.

"Allah mai iko," ya ce. "Ga wuta, ga sanyi. Da ma can ya kamata mu fara."

Ya aro baro. Ya shimfiɗa bargona na gado a ciki, ya ɗora kwamfuta da allo da sitiyari. Wayoyin da ke bayan na'urar kuwa ba su ba shi wahala ba, duk a ɗaure suke tsaf da igiyoyin roba masu haƙora, irin waɗanda in sun kama ba sa saki sai an yanke. Ya tura baro ya tsallaka titi, ni ina gefe ina tallafe da allo ina salati, direba na biye da mu don ya rantse ba zai rabu da shi ba sai an ƙarasa masa aski. Mai aski ya rufe shago ya biyo baya, ya ce irin wannan ba a ba mutum labari.

Hajiya na ganinmu ta tare ƙofa.

"A'a. Wallahi a'a. Wancan karon da ka gyara mini firiza, ruwan zafi na sayar kwana biyu."

"Hajiya, wannan daban."

"Wancan ma haka ka ce."

Ni na roƙe ta. Na ce na Auta ce, kuma in babu wuta yau yarinyar ta yi asara. Hajiya na son Auta, ita ke auna mata hawan jini. Ta ce to, a jona a soket ɗin bayan firiza a ajiye, amma kar ya taɓa komai sai mai abu ta zo.

Fulogin ya ƙi shiga soket ɗin. Maimakon ya nemi wani, sai ya zura sukudireba ya buɗa bakin soket da ƙarfi har wani abu ya ce ƙas a ciki. Fulogi ya shiga yana lilo. Na'ura ta tashi, wasan ya buɗe, lambar ta nuna takwas.

"Saura takwas," ya ce. Ya ɗaga murfin babbar firiza. "In ta yi minti goma a ciki, an gama."

Ban san lokacin da na rufe murfin na haye kai na zauna ba.

"Uwargida, sauka."

"Sai dai ka sa mu tare."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. Ni ba yau na fara jin kunya ba."

Mutane kuwa sun taru. Masu sayen ƙanƙara sun ƙi tafiya, masu wucewa sun tsaya, har mai shayin kwana ya bar tukunyarsa. Da ya ga ba zan sauka ba, sai ya cika baho da ƙanƙara ya ajiye a gaban na'urar, ya karɓi fankar Hajiya ya saita ta tana hura sanyi ciki. Ya tsuguna yana leƙe da tocila. Can sai ya yi wata ƙara.

"Na kama ɓarawon!"

Kowa ya matso. A tsakiyar na'urar akwai wani ƙaton abu mai kauri kamar bulo, da fankoki uku a jikinsa. Na san shi, don ranar da Auta ta sayo shi a ƙirji ta rungumo shi. Katin hoto take ce masa, shi ke zana duk abin da ake gani a wasan, kuma ya fi duk sauran kayan tsada in an haɗa su.

"Ku duba da kyau, jama'a," in ji mijina, ya juyo yana fuskantar taro. "Duk fankokin cikin nan na juyi, ban da ukun nan. Sun mutu murus! An sayar wa yarinya mataccen kaya. Da ba ni a gidan, da wa zai gano?"

Ya juya su da yatsa, suka yi zagaye ɗaya suka tsaya. Ya hura musu iska da baki. Ya yi musu tsawa. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da gwangwanin man keke, da filaya, da 'yar kurfi ta fasa ƙarfe.

"Za a yi tiyata. In cire shi, in fasa murfin, in sa masa fankar tebur guda ɗaya mai lafiya."

"Maigida, in ka taɓa abin nan, yau a shago za ka kwana!"

"In an gama za ki gode mini."

In na sauka daga firiza zai sa ta ciki, in na zauna zai fasa katin. Ina wannan tunanin, ya riga ya ɗora sukudireba a kan kusar farko, sai taron ya dare biyu. Auta ce, da farar rigar aikinta, tana haki. Ta je gida ta tarar babu ƙofa, babu wuta, babu kwamfuta, maƙwabta suka nuna mata tsallaken titi.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta kalli bahon ƙanƙara, ta kalli kurfi, ta kalle ni a kan firiza, ta kalli mutumin da ke da rabin kai. Ta sa hannu ta zare sukudireban daga hannunsa a hankali. Ta zagaya bayan na'urar ta tsuguna. Ta daɗe tana kallon wayoyin nan da aka ɗaure tsaf.

"Babban Yaya," ta ce da murya mai daɗi, "wa ya yi wannan aiki mai kyau haka?"

Mijina ya gyara tsayuwa. Ya duba ko kowa na ji, ya ƙara murya don na baya.

"Wa kuwa zai yi in ba ni ba? Jiya na shiga gyara miki fanka, na ga wayoyi a cakuɗe kamar gidan ɓera. Ni a ƙa'idata ba na barin waya a karkace. Musamman wannan kebul ɗin na allo, an kai shi can ƙasa an lanƙwasa shi, alhali ga rami irinsa sak a sama, kusa, babu kowa a ciki. Na cire shi na mayar sama, na ɗaure. Wanda ya haɗa miki na'urar nan bai san aiki ba."

"Ni na haɗa."

"To, kin ga amfanin babba a gida."

"Ba ni filaya."

Ta datse igiyar roba, ta zare kebul ɗin daga ramin sama, ta mayar da shi ramin ƙasa, wanda ke jikin katin hoto. Allo ya ɗauke ya dawo. Ta rufe wasan ta sake buɗewa. Fankokin nan uku da aka yi wa ta'aziyya suka tashi fuu a tare. Motar ta zabura a kan titi sumul kamar an zuba mata mai, lambar kusurwa ta haura ɗari da sittin.

"Ramin sama na ƙaramin abin zane ne da ke cikin na'urar, na rubutu da kallon hoto," in ji Auta. "Katin nan tun jiya zaune yake babu wanda ya ba shi aiki. Me zai sa ya yi zufa har ya kunna fanka?"

"Kamar wani da na sani," in ji mai aski.

Amma mijina lambar yake kallo, ido waje. "Ɗari da sittin! Za ta kama da wuta! Ku kawo ruwa!"

Ya sunkuci bahon ƙanƙara. Direba da mai shayi suka riƙe shi ta baya, ruwan sanyi ya juye masa a gaban wando. Shagon ya ɗauki dariya har Hajiya na riƙe ciki tana cewa a taimaka mata jininta zai hau. Wata mata ta ce, "Wato tun safe lafiyar yake kashewa?" Wani ya ce, "Shi ya kawo ciwon, shi ya zo jinya!" Mijina ya tsaya wando na ɗiga.

Auta ba ta da lokacin dariya. Ta ɗaure sitiyari a teburin Hajiya, ta jawo kujerar roba, ta haɗa intanet ta wayarta. Ana shirin zagayen gwaji, wanda ke raba wa kowa wurin tsayawa, sai injin firiza ya tashi, bango ya girgiza, fulogin nan mai lilo ya zame. Komai ya mutu.

"Soket ɗina!" in ji Hajiya. "Lafiyarsa ƙalau da safe!"

Kowa ya juya ya kalli mutum ɗaya.

Kafin na'urar ta sake tashi, zagayen gwaji ya wuce. Aka jefa Auta can ƙarshen layi, bayan kowa. Wallahi sai da zuciyata ta karye. Babu wani soket kusa, babu lokacin neman wata waya, kuma in fulogin ya sake zamewa a tsakiyar tsere shi ke nan.

Ta juyo ta kalli mijina. "Babban Yaya, kana son ka taimake ni?"

Ya gyaɗa kai.

"Shiga bayan firiza ka danne fulogin nan da hannu. Kar ka gyara shi. Kar ka inganta shi. Riƙewa kawai."

Aka shimfiɗa masa busasshen kwali. Babban injiniyan manyan kwamfutoci ya rarrafa ya shige lungu tsakanin firiza da bango, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa.

Aka tashi tsere. Ni ban san dokokin wasan ba, na dai san jar mota ce tamu, kuma duk sauran na gabanta. Direban bas ya manta da kansa, ya tsaya a bayanta yana ba da umarni.

"Yi masa hon! Shiga ta hagu, babu ɗan sanda! Kai, wannan yarinya ta fi yaran tasharmu!"

A kwanar farko motoci suka cakuɗe, ta zame ta gefensu ta wuce huɗu a tashi ɗaya. Shago ya ɗauki sowa. Daga bayan firiza wata murya ta ce, "Me ya faru?"

"Riƙe!" muka ce gaba ɗaya.

Ta ci gaba da tsinke su ɗaya ɗaya. Hajiya ta ja carbi, mai shayi na cizon hula, ni kuwa na kama kafaɗar mai aski ina girgizawa ban ma sani ba. Injin firiza ya sake tashi, bango ya yi rawa, allo bai ko ƙifta ba.

"Hannuna ya mutu," in ji muryar.

"Ka binne shi a wurin!" in ji mai aski.

Zagayen ƙarshe ya same ta ta huɗu, wata farar mota ta tare mata hanya, ta yi dama ta tare, ta yi hagu ta tare. Babu mai numfashi. A kwanar ƙarshe farar ta buɗe kaɗan, Auta ta cusa hancin motarta ta ciki, suka miƙe kafaɗa da kafaɗa har layi. Sunaye suka fito. Ta uku.

Abin da aka yi a shagon nan ba ya faɗuwa. Auta ta kifa kai a sitiyari tana kuka, ni ina kuka, Hajiya ta buɗe firiza ta ce kowa ya ɗauki ruwan sanyi kyauta. Direba ya ce shi haka zai tafi lodi da rabin kansa, a tambaye shi ya ba da labari. Aka kashe na'ura, aka naɗe ta a bargo, jama'a suka rako Auta har ƙofar gida.

Sai da na hau bene na ga ƙofar ɗaki jingine da bango na tuna. Muka koma da gudu ni da Auta. Shago ya yi tsit, Hajiya na shara. Ga tafin ƙafa biyu nan a inda muka bar su.

Na leƙa. Yana kwance a gefe ɗaya, wuya a karkace, yana rawar sanyi cikin jiƙaƙƙen wando. Ashe wurin kwashe kaya mai shayi ya zare wayar ta ɓangaren na'ura ya bar sauran, shi kuwa yana nan ya danne fulogin da ba ya ɗauke da komai, da hannu biyu.

"An gama?" ya ce. "Na ji ihu, ban san na murna ba ne ko na kuka. Na ji tsoron in saki."

"An gama tuntuni, Maigida."

"Ta samu?"

"Ta samu."

Ya rufe ido ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Muka jawo shi ta ƙafa. Yatsunsa sun ƙage, sai da Auta ta tsuguna ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana murzawa. Ya kalle ta, ya kalle ni, na ga bakin nan ya fara dawowa hayyacinsa.

"Amma dai ku faɗi gaskiya," ya ce. "Da ban riƙe ba..."

Na ɗaga tsintsiyar Hajiya. Auta ta riƙe mini hannu.

"Gaskiya ne, Babban Yaya," ta ce. "Da ba ka riƙe ba da ban samu ba. Wannan aikin kam, kullum zan bar ka da shi."